Ciwon Sanyi, Tunjere da Sida a Bakin Iyaka: Asarar da Kunya ke Jawo wa Gida

Jawabin da aka gabatar wa ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a garin Dogo-Dogo, cikin gundumar Dungas, jahar Damagaram.

  

Maganar da ta tara jama'a yau tana da nauyi a baki. Bahaushe mutum ne mai kunya, ya saba da sakaya zance, musamman inda manya da yara suke zaune wuri guda. Amma likita ba ya warkar da abin da aka ɓoye masa, cuta kuma ba ta jin kunyar kowa. Saboda haka ana neman gafarar dattawa, domin za a kira kowane ciwo da sunansa, a faɗi ta inda yake shiga, da ɓarnar da yake yi, da yadda ake maganinsa, da hanyar da ake bi a kauce masa.

Dalilin yin wannan magana a nan

Dogo-Dogo gari ne na bakin iyaka. Har zuwa shekarar 2011 yana ƙarƙashin gundumar Magariya ne, kafin a ɗaga Dungas ta zama gunduma mai cin gashin kanta, ta haɗa ƙananan hukumomin Dungas, Guci, Malawa da Dogo-Dogo. Daga kudu jihar Jigawa ce ta Najeriya, kuma kowa a nan ya san kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, inda shanu da raƙuma da tumaki da awakin wannan yanki suke samun masu saye, inda sefa da naira suke canza hannu tun safe har dare. Idan aka gama girbin gero da wake da riɗi, samari da magidanta sukan kama hanyar cin rani, wasu su nufi Kano ko Abuja ko Legas, wasu su yi arewa ta Agadas, ba su dawowa sai hadari ya fara haɗuwa. Ma'aikacin gwamnati kuwa, sau da yawa akan turo shi daga Yamai ko Tawa ko Maraɗi, ya bar iyalinsa can, ya yi watanni bai leƙa gida ba.

Duk wannan neman halal ne, kuma da shi garin yake rayuwa. Sai dai hanyar da ke kawo atamfa da man fetur ita ce kuma ke kawo cuta. Ita cuta ba ta tsayawa a shingen duwan, ba a tambayarta takarda, ba ta biyan haraji. Shi ya sa ɗan kasuwa da ma'aikaci, waɗanda su ne suka fi kowa zirga-zirga kuma suka fi kowa abin hannu, su ne ya kamata su fi kowa sanin wannan al'amari.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an samu sababbin kamu miliyan 374 na cututtuka huɗu da ake ɗauka ta hanyar saduwa, a tsakanin masu shekara 15 zuwa 49. Ke nan fiye da miliyan ɗaya kowace rana. Dukan huɗun nan kuwa suna da magani, ana warkewa daga gare su sarai. Abin da ke sa su yi ɓarna shi ne jinkiri, da ɓoyo, da maganin da bai dace ba.

Ciwon sanyi

Na farko shi ne ciwon sanyi. Wani likitan Jamus mai suna Albert Neisser ne ya gano ƙwayar da ke haddasa shi a shekarar 1879. Ga namiji alamunsa ba su da wuyar ganewa: bayan ƴan kwanaki da saduwa sai fitsari ya riƙa yi masa zafi kamar barkono, mugunya ta riƙa fita daga gabansa. Akwai kuma wata ƙwaya ta dabam da ake kira kilamidiya, wadda alamunta suke kama da na sanyi amma sun fi sauƙi, kuma sau da yawa su biyun tare suke tafiya.

Ga mace lamarin ya bambanta, kuma nan ne haɗarin yake. Mata da yawa suna ɗauke da waɗannan ƙwayoyi ba tare da sun ji komai ba. Ƙwayar takan hau daga bakin mahaifa zuwa cikin mahaifa, ta shiga hanyoyi biyun nan da ƙwan mace ke bi, ta kumbura su, idan ta daɗe ta bar tabo ta toshe su. Abin da ke biyo baya shi ne ciwon mara mai tafiya yana dawowa, da rashin haihuwa, ko kuma ciki ya zauna a cikin hanya maimakon mahaifa. Irin wannan ciki idan ya fashe, jini ne ke zuba a cikin mace, kuma in ba a kai ta asibitin da ake yin tiyata da gaggawa ba, rai yana iya salwanta. Jaririn da aka haifa ta jikin uwa mai ciwon sanyi kuwa, idanunsa kan kumbura su cika da mugunya cikin kwanakin farko, in ba a yi magani ba ya makance. Dalilin da ya sa ke nan ungozomar gidan likita take sa wa jariri magani a ido da zarar ya faɗo. Namijin da ya bar ciwon ya daɗe shi ma bai tsira ba: maraina kan kumbura, hanyar fitsari ta tsuke, haihuwa ta yi wuya.

Tunjere

Na biyu shi ne tunjere, ciwon da kakanni suka sani tun kafin zuwan Turawa da asibitinsu. An gano ƙwayarsa a Jamus a 1905. Tunjere mayaudari ne. Kamar mako uku bayan saduwa sai wani ɗan gyambo ya fito a al'aura ko a baki, ba ya zafi, ba ya ƙaiƙayi, bayan ƴan makonni ya warke da kansa. Mai shi ya ɗauka ya rabu da shi, alhali kuwa ƙwayar ta shiga jini. Bayan makonni ko watanni sai ƙuraje su feso a jiki, har a tafin hannu da tafin ƙafa, da zazzaɓi da kasala, su ma su ɓace. Daga nan ciwon ya kwanta shiru shekara da shekaru, kafin a wasu mutane ya taso ya taɓa zuciya da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa da ido.

Mafi munin ɓarnarsa a kan mai ciki take. Ƙwayar tana ratsa mabiyiya ta kama ɗan da ke ciki. Daga nan sai ɓari, ko haihuwar gawa, ko bakwaini, ko jariri mai ciwo da ba ya daɗewa. Ƙiyasin OMS na shekarar 2022 ya nuna jarirai kusan dubu 700 ne tunjere ya kama tun suna ciki a faɗin duniya. Matar da take ta yin ɓari, ko take haihuwa ƴaƴan ba su zama, akan ce wabi take yi, a yi ta neman taimako nan da can. Kafin a tafi nesa, ya kamata a fara da ɗigon jini guda a gidan likita. Gwajin ba ya wuce minti 20, maganin kuwa allurar fenisilin ce mai daɗewa a jiki; tun 1943 aka tabbatar fenisilin yana kashe tunjere, kuma har yau bai daina ba. Idan ciwon sabo ne allura guda ta isa. Idan ya daɗe, ko ba a san lokacin da ya shiga ba, allura uku ce, ɗaya kowane mako.

Sida, ciwon hanta da sankarar bakin mahaifa

Na uku ita ce sida, wadda ƴan'uwa na Najeriya suke kira ƙanjamau. An fara bayyana ta a Amurka a 1981, aka gano ƙwayarta a cibiyar Pasteur ta birnin Paris a 1983, aka kuma tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da ita a Nijar a 1987. Waɗanda suka manyanta sun tuna shekarun da ake yi mata kirari da kabari salamu alaikum, lokacin da mutum kan dawo daga bakin teku a rame, a shigar da shi ɗaki, a yi shiru har Allah ya karɓi abinsa.

Wannan zamani ya wuce. Binciken ƙasa na 2002 ya nuna kusan mutum 9 cikin dubu ne ke ɗauke da ƙwayar a tsakanin baligai. Na 2006 ya nuna 7 cikin dubu. Na 2012 ya nuna 4 cikin dubu. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da cutar ba ta yi yawa ba, kuma kaciyar maza da ta zama ruwan dare tana cikin dalilai, domin bincike ya tabbatar tana rage wa namiji haɗarin kamuwa da kusan kashi 60 cikin ɗari. Sai a lura: ragewa aka ce. Mai kaciya yana kamuwa, kuma yana sa wa matarsa. Tun 2004 ake ba da maganin rage ƙarfin ƙwayar kyauta a ƙasar nan. Maganin ba ya fitar da ita daga jiki, amma wanda yake shan sa kullum ba fashi yana rayuwa kamar kowa, ya yi kasuwancinsa, ya yi aure, ya haihu. Idan maganin ya danne ƙwayar har awo ya kasa ganinta a jini, ba ya sa wa matarsa ta hanyar saduwa. Mai cikin da ba ta shan magani, cikin jarirai 100 ana iya samun 15 zuwa 45 su kamu. Idan tana sha tun daga ciki har ƙarshen shayarwa, adadin yana sauka ƙasa da 5.

Akwai dangantaka tsakanin sida da sauran cututtukan da aka ambata. Gyambon tunjere da kumburin ciwon sanyi ƙofa ce a buɗe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A yankin Muwanza na ƙasar Tanzaniya, binciken da aka bayyana a 1995 ya nuna cewa gyara yadda ake maganin waɗannan cututtuka a ƙananan gidajen likita na karkara ya rage sababbin masu kamuwa da sida da kusan kashi 40 cikin ɗari. Binciken da aka yi daga baya a wasu wurare bai kai wannan adadi ba, amma darasin ya tsaya: mai maganin sanyi da tunjere da wuri yana rufe wa sida ƙofa.

Ciwon hanta nau'in B shi ma yana bin saduwa, ko da yake a ƙasashen nan ya fi kama mutum tun yana jariri ko ƙaramin yaro, daga uwa ko ta hanyar jini. Yana iya kwanciya shekaru kafin ya lalata hanta. Tun 2008 rigakafinsa yana cikin allurar jarirai mai haɗe da rigakafi biyar, shi ya sa kai yaro allura a kan lokaci ba abin wasa ba ne. Sannan akwai ƙwayar da ake kira HPV, wadda ita ce sanadin kusan dukan sankarar bakin mahaifa. Tana da rigakafi da ake yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. Najeriya ta fara shi a watan Oktoba na 2023, kuma Jigawa da Kano suna cikin jihohin farko.

Kada a yi zalunci da zato

A nan dole a ja kunne, domin ilimi rabi yana kashe aure. Yawancin ruwa da ƙaiƙayin da mata ke kuka da su, waɗanda ake haɗa su duka a kira su sanyi, ba daga namiji suke zuwa ba. Sukan taso ne daga canjin yanayin jikin mace, ko ciki, ko ciwon sukari, ko yawan wanke ciki da sabulu da cushe-cushe. Haka kuma yaro ko magidancin da ke fitsarin jini a yankin da ake shiga tafki da fadama, sau da yawa tsargiya ce, wadda ake ɗauka daga ruwa, kuma tana taɓa al'aurar mata ta ba da alamu masu kama da na ciwon saduwa. Maganinta dabam ne. A ɗaya gefen kuma, ciwon sanyi na gaskiya da tunjere da sida ba a ɗaukarsu daga masai, ko buta, ko tsallake fitsarin wani, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko cizon sauro. Saboda haka kada miji ya tuhumi matarsa da zato, kada kuma ya fake da masai don ya ɓoye abin da ya sani. Ma'aikacin lafiya ne ke rarrabewa.

Misalin da kowa ya san irinsa

A ɗauki misalin wani falke mai mata biyu, wanda ya kai dabbobi kudu ya yi kwana goma. Bayan ya dawo da ƴan kwanaki sai ya ji fitsari na zafi. Gidan likita yana nan kusa, amma majo abokin hirarsa ne, mai sharar wurin kuma maƙwabciyar surukarsa ce. Sai ya kira mai tallar magani a bayan tasha, ya sayi kafso huɗu ja da rawaya, ya haɗiye. Bayan kwana biyu zafin ya ragu, ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da rabon kwana. Bai faɗa wa kowa ba.

Wata uku bayan haka uwargida ta fara ciwon mara. Amarya kuma, wadda ba ta ji komai ba, shekara biyu ta wuce ko ɓatan wata ba ta yi ba. Dangi suka fara magana, aka ce juya ce. Aka sayar da rago aka nemi taimako, aka sayar da bijimi aka tafi Damagaram, aka tafi Kano. A ƙarshe aka sake ta, ta koma gidan ubanta da sunan da ba ta jawo wa kanta ba, shi kuwa ya sake auro wata yarinya, ciwon ya samu sabon gida. Wanda ya iya lissafin riba da faɗuwa, sai ya auna kuɗin allura guda da ƙwayoyin mako guda a kan kuɗin rago da bijimi da sadaki da mutuncin ƴar mutane. Babu ɗan kasuwar da zai yarda da irin wannan ciniki a rumfarsa.

Maganin bakin hanya

Masu shekaru sun tuna watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Maganin farmasi, wanda daga waje ake shigo da shi, ya yi tsadar da talaka bai iya kaiwa. A shekara ta gaba, 1995, aka kafa dokar biyan kuɗin magani a gidajen likita, bisa tsarin da ƙasashen Afirka suka amince da shi a Bamako a 1987. A cikin wannan hali ne tallar magani a tire da kan keke ta bunƙasa a kasuwanni da tashoshi, kuma har yau ba ta ja da baya ba, balle a bakin iyaka.

Illarta uku ce. Ta farko, ba a san asalin maganin ba, wani na jabu ne, wani ya lalace a rana. Ta biyu, mai talla yana sayarwa daidai da kuɗin mai saye, ƙwaya biyu ko huɗu, alhali ciwon yana bukatar adadi sananne na kwanaki sanannu. Ta uku ita ce mafi girma: maganin da bai isa ya kashe ƙwaya ba, horar da ita yake yi. A da fenisilin kaɗai yana gamawa da ciwon sanyi. A 1976 aka ga irin da ba ya jin fenisilin, kuma Afirka ta Yamma tana cikin wuraren da ya fara ɓulla. Daga baya tetarasikilin, wato kafson nan ja da rawaya, ya daina aiki a kansa, sannan sipro ta bi sahu a yawancin ƙasashe. Yau abin dogaro shi ne allurar seftiriyakson, kuma an riga an fara ganin irin da ke yi mata taurin kai a wasu ƙasashen Asiya da Turai. Duk wanda ya sha rabin magani yana rage wa ƴaƴansa makamin da za su bukata gobe. Araha ba ta ado.

Yadda ake magani na gaskiya

Tun farkon shekarun 1990 OMS ta shimfiɗa tsarin da ma'aikacin ƙaramin gidan likita, wato CSI, zai iya yin magani ta hanyar duba alamu ko da babu ɗakin awo. Mai fitar da mugunya akan yi masa allura guda saboda sanyi, a haɗa masa da ƙwayoyi saboda kilamidiya, galibi doksisikilin safe da yamma har kwana 7; mai ciki ba ta shan wannan, akwai wanda ake ba ta a madadinsa. Mai gyambo akan yi masa allurar tunjere. Abin da ya gagara sai a tura shi babban asibitin gunduma, ko asibitin ƙasa na Damagaram.

Sharuɗɗan warkewa huɗu ne. A gama maganin duka ko da alamu sun ɓace. A ƙaurace wa shimfiɗa har kwana 7 bayan magani. A yi wa duk wanda aka sadu da shi magani a lokaci guda, ko yana jin ciwo ko ba ya ji. Mai mata uku, su huɗu ne marasa lafiya, in kuwa aka bar ɗaya, ciwon zai kewayo kamar rabon kwana. Na huɗu, a yi gwajin sida da tunjere a wannan zuwan, a sake bayan wata uku, domin sabuwar ƙwaya ba ta bayyana a awo nan take. Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa, ko wanda ya tabbata ya faɗa haɗari, akwai maganin kwana 28 da ke hana ƙwayar sida zama, amma sai an fara shi kafin awa 72 su cika. A irin wannan hali kwana guda na shawara tsakanin dangi asara ce.

Rigakafi

Abin da limamai suke faɗa a kan mumbari, likita bai saɓa masa ba: kame kai kafin aure da riƙon amana a cikinsa su ne katanga ta farko. Na biyu shi ne gwaji kafin ɗaurin aure, ga saurayi da budurwa, da bazawari da bazawara, da mai ƙara aure. Jihar Kano ta mai da shi doka a 2024. A nan ma ba sai an jira doka ba. Waliyyi yana da ikon ya nemi takardar awo kamar yadda yake tambayar asali da sana'a, kuma namiji mai mutunci shi ne zai fara miƙa hannunsa. Na uku, awon ciki tun watannin farko, tare da gwajin sida da tunjere, kuma miji ya raka matarsa a gwada su tare.

Na huɗu shi ne kwaroron roba. Ambatonsa ba izini ba ne ga kowa ya yi ɓarna. Amma ma'auratan da ɗayansu ke ɗauke da cuta suna bukatarsa, wanda kuma ya san zuciyarsa ta fi ƙarfinsa a hanya, laifi guda ya ishe shi, kada ya ƙara da na ɗauko wa iyalinsa ciwo. Ana amfani da shi sau ɗaya ne tak, a duba ranar lalacewarsa, kada a ajiye shi inda rana ke dukansa kamar gaban mota, kada a shafa masa man shafawa ko man gyaɗa domin suna tsinka roba. Na biyar, aska da reza da allura: wanzami ya sa sabuwar reza ga kowane kai, kayan ƙaho da na kaciya da na cire beli a dafa su, allura kuma kada a yarda da wadda ba a buɗe ta a gaban mutum ba.

Abin da ya rataya a wuyan hukuma

Ba daidai ba ne a ɗora wa talaka laifi duka. Mutum yana guje wa gidan likita ne idan ya san sirrinsa zai riga shi isa kasuwa. Dokar da Nijar ta kafa kan cutar sida a 2007, aka sabunta ta a 2015, ta hana tona asirin mai ɗauke da ƙwayar, ta kuma hana nuna masa bambanci. Ma'aikacin da ya saki bakinsa ya karya doka, ya kuma kori marasa lafiya goma zuwa wurin mai tire. Wajibi ne kowane gidan likita ya samu ɗakin da ake ganawa ba tare da kunnen layi yana ji ba.

Tun 2006 gwamnati ta ayyana awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 a matsayin kyauta. Kyauta a takarda ba ta da amfani idan mai ciki ta tako daga ƙauye a kan amalanke ta tarar babu kayan gwaji, ko an gwada ta babu fenisilin. Kwamitocin da ke kula da kuɗin gidajen likita, waɗanda ƴan kasuwa da ma'aikata suke ciki, haƙƙinsu ne su riƙa tambaya: kayan gwaji nawa suka rage, allura nawa ke cikin kabad, yaushe aka aika neman ƙari? Haka nan kowa ya ga abin da ya faru a watan Janairu na 2025, sa'ad da gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon da take bai wa ƙasashen waje, shirye-shiryen yaƙi da sida suka girgiza a ƙasashen Afirka da dama. Ƙasar da ke maganar ƴancin kanta, lafiyar matanta da jariranta ba za ta dawwama a kan alherin baƙo ba. Dole kasafin kuɗin ƙasa ya ɗauki kasonsa. Kuma tun da kasuwa ɗaya ake ci da mutanen Jigawa, ya kamata ma'aikatan lafiya na ɓangarorin biyu su san juna, domin mai shan maganin sida da tafiya ta riƙe shi a ƙetare kada maganinsa ya yanke.

Shugabannin ƴan kasuwa da na direbobi su ma suna da abin yi. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗi don gyaran rumfa ko belin ɗan'uwa, tana iya gayyatar ma'aikatan lafiya su kafa wurin gwaji a ranar kasuwa, tana iya hana sayar da maganin tire a tasharta. Idan sarkin tasha da shugaban dillalai suka fara miƙa yatsa, yaran mota ba za su noƙe ba.

Kammalawa

Jama'a, lafiya uwar jiki. Magidancin da ya tashi daga wannan wuri yana da alama a jikinsa, gidan likita a buɗe yake gobe da safe, kuma kada ya je shi kaɗai. Wanda matarsa ke da ciki, ya tambaye ta yau ko an ɗauki jininta a wurin awo. Wanda zai aurar da ƴa bayan girbi, ya sa gwaji cikin sharuɗɗa. Wanda kuma ya san ya taɓa sakin mace saboda rashin haihuwa ba tare da an duba shi ba, ya je a duba shi kafin ya sake neman wata.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya tsare masu tafiya a hanya, ya dawo da su ga iyalansu lafiya, ya albarkaci kasuwa da aikin kowa.